Rabin Kunkuru a Kan Tirela

Ku ba ni wuri in zauna, jama'a, don tun jiya bakina ya ƙi rufuwa. Yayata Renae ta ce in na sake kiranta da wannan labarin za ta toshe lambata, saboda haka ku kaɗai kuka rage mini.

Ga wanda yau ya fara shigowa, ni ce Kirralee Borg, autar Gus Borg mai gonar rake a bayan garin Mackay, a jihar Queensland. A kemis nake aiki, shekarata ashirin da shida, kuma a danginmu na Malta in mace ta kai haka ba aure, Goggo Tessie kan fara kunna mata kyandir a coci. Saurayina Brodie Hanlon ne, sana'arsa ɗaukar gidaje. Tsofaffin gidajenmu na katako masu tsayawa a kan ƙafafu, in an sayar da filin, shi ke zuwa da injin zarto ya tsaga gidan daidai tsakiya, ya ɗora kowane rabi a kan tirela, ya kai wani gari ya haɗe. A idon Brodie babu abin da ba ya tsaguwa biyu ya koma. Na taɓa ganin yana ƙare wa cocinmu kallo, na ja hannunsa muka bar wurin.

To, a gidanmu ba a tambayar Baba ko ya yarda da saurayi. Ba zai ma amsa ba. A gaban Ƙaton Kunkuru ake ganewa.

Kowace Disamba, da an gama yankan rake, Baba kan loda mu a tsohuwar motarsa mai dogon baya mu nufi kudu. Ba na'urar sanyi, cinyoyinmu su manne da ledar kujera, kula cike da fastizi, samosar Malta da kakarmu Nanna ke yi, tana tsakanina da Renae, muna faɗa a kan wadda ta ƙetare iyaka da gwiwa. Baba ba ya tsayawa don fitsari. Ya ce mai jin fitsari ya riƙe har Yarrabindi. A Yarrabindi kuwa Kunkurun yake, a bakin titi, gini ne mai siffar kunkuru, ya fi gidan sama tsawo, kore shar, wuyansa a miƙe sama da itatuwa. Wadda ta fara hango kansa ita ke shan askirim mai kai biyu, kuma sau da yawa ni ce, don Renae amai ke ɗauke mata hankali. Ana shiga ta ƙarƙashin cikinsa, a ciki akwai shagon tsaraba da wata tsohuwa mai sayar da cokulan shayi masu ɗan kunkuru a kai, sannan a hau tsani ta cikin wuya a leƙo ta baki a ɗaga wa motoci hannu. Bangon cikin duk sunayen mutane ne da suka karce da makullin mota. A jikin rufin ta ciki, can tsakiya inda ba mai kaiwa, Baba ya hau kafaɗar abokinsa yana saurayi ya karce GUS, ya zana zuciya, ya karce CONNIE, sunan Mama. A ranar ya nemi auren Mama.

Bayan askirim sai hoto. Kowa ya jera a ƙarƙashin haɓar Kunkurun, Baba ya fito da kyamararsa. In kin zo da saurayi, ɗayan biyu ne. Ko Baba ya kira wani baƙo mai wucewa ya ɗauke ku har da shi, ko kuma ya miƙa wa saurayin kyamarar ya ce, "Taimaka mana, ɗan samari." Wanda aka miƙa wa kyamara ya san matsayinsa. Saurayin Renae na farko sai da ya ɗauke mu hoto shekara da shekaru, har ya ƙware, yanzu ma na ji da ɗaukar hoton biki yake ci.

Ko da aka yi sabon titi ya kauce wa Yarrabindi, shagon ya mutu, aka zagaye Kunkurun da waya, fentinsa ya koɗe, Baba bai fasa ba. Mukan ratse mu yi hotonmu a gaban wayar. Bana ce shekarar farko da Brodie zai bi mu, kuma tun Oktoba nake ta tunanin wanne zai samu, layi ko kyamara.

Ranar Alhamis ina bayan kanta ina cin abincin rana saƙonsa ya shigo.

"Kiz, Asabar ki sa rigar nan mai ruwan ƙwai. Ki zauna a gida. Kar ki tambaye ni komai."

Ban tambaya ba, don na riga na sani. Makon jiya ina neman tishu a aljihun motarsa hannuna ya taɓa wani ƙaramin akwati mai laushi. Ban buɗe ba. To, na ɗan buɗe, kaɗan, iyakar abin da ido zai tabbatar. Na koma kanta ranar ina yi wa masu sayen maganin basir murmushi har suna waigowa.

Juma'a da yamma na goge rigar, na shafa jan farce, ina zaune a baranda ina busa wa yatsuna iska, sai guruf ɗin gidanmu na waya ya fara ɓari. Goggo Tessie ce, yayar Baba, ta turo hoto. Wata ƙawarta ce ta ɗauka da ta bi ta Yarrabindi. Ga Kunkurunmu, an cire masa kai, ga wani mutum tsaye a kan bayansa da rigar aiki mai ruwan lemo, riƙe da injin zarto. Na buɗa hoton da yatsu biyu ina roƙon Allah ya sa wani ne. Waɗannan kunnuwan kuwa a duk Queensland mutum ɗaya ke da su.

Goggo ta rubuta: "Ga surukinku nan. Ni dai na faɗa tun farko."

Renae daga Brisbane: "Kiz ki ce mini ba shi ba ne."

Goggo: "Adrian Vella da na ce ki aura likitan haƙori ne, bai taɓa yanka komai ba sai da allurar kashe zafi."

Renae: "Goggo ba yanzu ba."

Goggo: "Yana da gida a bakin ruwa, kuma a haɗe gidan yake."

Na kira Brodie, waya a kashe. Na tura masa, "ME KAKE YI A KAN KUNKURUN BABANA," ko isa saƙon bai yi ba. Wajen buga saƙon na lalata farce biyu.

A teburin cin abinci Baba bai taɓa miyar zomon da Mama ta dafa ba, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni. Wayar ya ajiye kusa da farantinsa yana kallo. Goggo ta iso ba wanda ya kira ta, da jakar kwana a hannu.

"Baba, wataƙila aiki aka ba shi, bai da yadda zai yi," na ce.

"Ya san ko na wane ne?"

"Ya sani."

"Kin ba shi labarin rufin?"

"Na ba shi."

"To ya sani." Ya kife wayar. "Da asuba za mu tafi. Ko tarkacensa ne sai na tsaya a gabansa. Shi kuma yaron, kar ki sake kawo mini shi gidan nan."

Na dubi Mama ta sa baki. Mama tana ta shafa wa burodinta bota har gefe-gefe, kamar ba a gidan ake yi ba. Abin da kawai ta ce shi ne, "Gus, in za mu je, ka sa rigarka mai kyau." Na ji haushinta ƙwarai a lokacin.

Gari bai gama wayewa ba Baba ya janye tamfol daga kan tsohuwar motar. Na sa rigar mai ruwan ƙwai, don taurin kai kawai, da silifa. Mama ta fito da jan baki da 'yan kunnen zinarenta na zuwa coci, ta saka kula a kujerar baya tsakanina da Goggo. Kyamarar tana rataye a wuyan Baba.

Kuma ku ji abin kunya, jama'a. Aurena na rushewa, amma da muka hau babban titi, gilashi a sauke, iska mai ƙanshin ƙonannen sukari na bugun fuskata, cinyoyina suka manne da ledar nan, sai na ji wani daɗi ya taso mini tun daga ciki. Na koma 'yar shekara bakwai. Har Goggo ta manta da Adrian ta shiga nuna wurare.

"Nan ne gidan da aka yi da kwalabe, Gus, ka tuna?"

"An rushe. Wurin wankin mota ne yanzu."

"Can kuma mutumin nan mai kada, wanda ke ba shi kaza da hannu."

"Mai hannu ɗaya," in ji Mama.

"Da biyu ya fara," Baba ya ce, kuma na ga gefen bakinsa ya motsa kafin ya tuna fushi yake yi.

Muka wuce inda ƙaramin jirgin ƙasa ke zagaya gonar abarba da yara. Babu komai yanzu sai ciyawa da wani allo da rana ta cinye rubutunsa. Nan ne Renae ta taɓa yin amai a hular direban jirgin. Na ba su labarin, muka yi dariya mu uku, Baba kuwa yana kallon allon ta madubi har ya ɓace. Can ya ce, a hankali, "Ɗaya bayan ɗaya suke tafiya. Shi kaɗai ya rage mini." Tausayinsa ya kama ni, na ji in Brodie na kusa da na shaƙe shi.

Rana ta ɗaga, saura tafiya kaɗan mu kai mararrabar Yarrabindi, sai ga motar rakiya ta taho daga kudu, fitilunta na walƙiya, da allon babban kaya a samanta. Bayanta motar 'yan sanda, wata 'yar sanda ta fito da hannu tana nuna kowa ya sauka gefe. Baba ya yi tsaki ya gangara kan tsakuwa.

"Wani gidan ne kuma," in ji Goggo. "Sana'ar mutuminki."

Ni na fara hangowa. Sama da itatuwan bakin kwana, wani abu kore, mai ido.

"Na gan shi," na ce, muryata ta fito irin ta yara. "Baba, na gan shi, ni na fara gani."

Kan Kunkurun ne, da dogon wuyansa, kwance a kan tirela an ɗaure shi da igiyoyi, bakinsa a buɗe yana tahowa arewa. Bayansa wata tirelar ɗauke da rabin ƙoƙon bayansa da ƙafafu biyu, ta cinye titin gaba ɗaya. Bayan ita kuma wata da ɗaya rabin. Motocin da suka tsaya duk mutane suka fito da wayoyi, wani direban babbar mota ya danna oda, yara na tsalle a kan tsakuwa. Ni kaina ban san lokacin da na fita ba. Ina tsaye a gefen titi da silifa ɗaya ina ɗaga wa kan kunkuru hannu ina kuka ina dariya.

Tirelar farko ta yi huci ta tsaya a filin da manyan motoci ke hutawa, sauran suka bi. Brodie ya diro. Idonsa ja, gashinsa duk koriyar ƙura, amma a ƙarƙashin rigar aikin ya sa farar riga mai kwala.

"Kiz, na ce ki zauna a gida."

"Ka kashe waya."

"Ta faɗa cikin wuyansa tun Laraba... a'a, tun Alhamis da yamma. Tana nan ciki, cajinta ma ya ƙare." Sai ya ga Baba, ya cire hula. "Mista Borg. Barka da hanya."

"Ina za ka da shi?"

"Gonarka, in ka yarda. Kusurwar nan ta bakin titi da ba ka shukawa. Waɗanda suka sayi filin gidan mai za su gina, suka ce ranar Litinin katafila za ta bi ta kansa. Na ce su ba ni." Ya haɗiye yawu. "Misis Borg ta ce wurin ya yi."

Duk muka juya kan Mama. Ta gyara ɗan kunnenta.

"Ke kin sani, Connie?"

"Na ce maka ka sa riga mai kyau."

Wallahi a nan na ɗauka an gama. Na ga Baba yana tafiya a hankali gefen tirela ta biyu, yana shafa koren jikin, sai zuciyata ta fara shirya biki, har na zaɓi launin kayan ƙawaye. Ya zagaya ta ɓangaren da aka yanka, inda cikin yake a buɗe ana ganin bangon sunaye. Ya ɗaga kai sama. Ya daɗe a haka. Sannan ya taka zuwa tirela ta uku ya sake ɗaga kai.

Na bi shi na duba. Masu ɗaukar gida a tsakiya suke yanka, ko da yaushe, sai sun ja igiya sun auna don nauyin ya zo daidai. Brodie ma haka ya yi, kuma aikinsa ya fita tsaf. A rufin tirela ta biyu akwai GUS da rabin zuciya. A ta uku akwai ɗaya rabin da CONNIE.

Mama ta zo ta tsaya kusa da ni ta duba wannan, ta duba wancan.

"Brodie, ɗana," ta ce, "cewa na yi ka kawo shi. Ban ce ka raba aurena ba."

Brodie ya leƙa, sai fuskarsa ta koma launin farar rigarsa. "Daga waje na ja layin. Ban... na manta da rufin, Mista Borg. Kiz ta gaya mini, na manta."

"Ni dai na faɗa," in ji Goggo, amma ko ita a hankali ta faɗa.

Baba bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya cire kyamarar daga wuyansa ya ce, "Mun zo hoto. Ku jera." Muka jera a ƙarƙashin haɓar da ke kan tirela, Goggo, Mama, ni. 'Yar sandan na tsaye kusa, ga direbobi, ga baƙi cike da fili, kowa a cikinsu zai iya ɗauka. Baba ya wuce su duka ya tsaya gaban Brodie.

"Taimaka mana, ɗan samari."

Brodie ya san ma'anarta, ni na gaya masa da bakina. Ya goge hannunsa a wando ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "To, Mista Borg." Ya ja da baya ya ɗaga ta. Mutumin da ya kwana biyu a kan bayan kunkuru saboda mahaifina.

Ƙafafuna ne suka yanke shawara kafin kaina. Na fita daga layin, na tsallaka tsakuwar da silifa ɗaya, na je na tsaya a gefen Brodie.

"Kirralee, koma wurinki."

"A'a, Baba."

"Tun kina zanen goyo ba hoton da babu ke."

"Na sani. Wannan ne na farko."

Ban taɓa ce wa Baba a'a a gaban mutane ba, kuma ina son sa, ina son hoton nan fiye da yadda zan iya gaya muku. Baba ya dube ni, ya dubi gurbin da na bari tsakanin Mama da shi, idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya tako har gaban Brodie.

"In ka haɗa shi, za a ga tabon?"

Na tsunkuli Brodie a baya don ya ce a'a.

"Za a gani," ya ce. "A gida fenti ke rufewa, amma a kan rubutun ba zan shafa fenti ba. Layi zai fito a tsakiyar zuciyar. Sai dai zai riƙe, Mista Borg. Ban taɓa haɗa abin da ya sake rabuwa ba."

Baba ya zare kyamarar daga hannunsa. Ya juya ya miƙa wa 'yar sandan ya ce, "Taimaka mana, 'yata." Na ƙanƙame hannun Brodie har ya ce wash. Muka nufi layi tare, na riga na buɗe masa wuri kusa da ni, sai Baba ya tare shi da hannu a ƙirji.

"Ba nan ba. Can ƙarshe, bayan Tessie. Ƙara matsawa. Ƙara." Ya leƙa ta kafaɗar 'yar sandan ya duba gilashin. "Yauwa. Rabinsa kawai nake so a ciki, ki yanke shi daidai tsakiya, ya san yadda ake yi. Ran da na ga sunana ya koma kusa da na matata, sauran rabin ya shigo."

'Yar sandan ta yi dariya har sai da ta sake ɗauka. Mama ta ce ita dai a tirela ta uku za ta koma gida, tunda an ba ta mota ita kaɗai. Baba ya ce in ta shiga shi ma ta biyu zai shiga, Goggo ta tuƙa tsohuwar, Goggo ta ce ba ta ga mai sa ta ba.

Hoton yana gabana yanzu da nake rubuta muku. Kan Kunkuru a sama da igiyoyinsa, Baba ya sha mur, Mama da jan bakinta, ni idona a kumbure ina washe baki. A can gefe akwai kunne ɗaya, ido ɗaya, da rabin murmushin Brodie. Da 'yar sandan ta ce a tashi don titi ya cushe, ya matso ya raɗa mini cewa akwai abin da ya so ya tambaye ni yau, amma yanzu ba zai tambaya ba sai ya shiga hoton gaba ɗayansa. Na dubi ƙirjinsa na ga tudun ƙaramin akwatin a aljihun hagu, kuma hagun ne ɓangaren da Baba ya sa aka yanke.